Direban da Ya Daina Shan Ruwa

Akwai wani direban babbar bas da abokan aikinsa suke kira Agogo. Shekara ashirin da biyu yana jan motar kamfani ɗaya a kan hanya ɗaya, tafiyar awa tara, kuma ba a taɓa rubuta masa latti ba. Ku zauna ku karanta har ƙarshe, jama'a, don ni kaina da na ji labarin nan sai da na kasa cin abinci.

Agogo mutum ne mai jiki. Zaman sitiyari ya tara masa tumbi, har sai da bakaniken kamfani ya ja masa kujerar direba baya. Amma hannunsa a kan mota ba a magana. Shi ma ya san haka, kuma ba ya ɓoyewa.

Tsayawa ɗaya ce a hanyarsa, a tsakiyar tafiya, minti ashirin. Bayan wannan, ko kuka fasinja zai yi ba ya taka birki.

"Direba, don Allah minti biyu, fitsari ya matsa min."

"A riƙe, mun kusa," zai ce, ko waiwayowa ba ya yi.

A kamfanin nan akwai doka. Kowace shekara sai likitan kamfani ya duba direba ya sa masa hannu a takarda. In babu wannan sa hannun, ba a ba ka makullin mota, ko kai wane ne.

A wannan shekarar likitan ya auna jinin Agogo sau biyu. Ya sa shi ya hau sikeli, ya daɗe yana rubutu, sannan ya cire tabarau.

"Malam, jininka ya hau sosai, nauyinka kuma kilo ɗari da goma sha takwas. Mutum hamsin kake ɗauka a bayanka. Ba zan sa maka hannun shekara ba, zan ba ka na wata uku. Ga maganin hawan jini. Ka rage gishiri da maiƙo, ka riƙa tafiya a ƙasa kullum. Ka dawo mu ga abin da ya canza."

Agogo ya fito da takardar a hannu. Bai iya komai ba a duniya sai tuƙi. Da shi ya yi aure, da shi ya gina ɗakuna uku, da shi 'ya'yansa huɗu suke makaranta.

A bakin ofishin kaya ya haɗu da Mai Sikeli, mutumin da ke auna jakunkunan fasinja kafin a loda su. Irin mutanen nan ne da babu abin da ba su sani ba, daga ciwon ido har zuwa yadda jirgin sama ke tashi.

"Wata uku ya ba ka?" in ji Mai Sikeli. "Kash! Ai sun gama da kai. Likitan nan ba ya sa hannu sai mutum ya sauko ƙasa da kilo ɗari. Kowa ya san wannan."

Ina Mai Sikeli ya samo wannan ɗarin? Oho. Wallahi ba daga bakin likita ba. Amma Agogo bai koma ya tambaya ba. Ofishin likitan bai fi taku talatin daga inda yake tsaye ba, sai dai yana ganin komawa ya yi tambaya zubar da girma ne.

A gida matarsa ta ɗauki abin da muhimmanci. Ta rage mai a girki, ta ɗauke gishiri daga kan tebur. Ranar hutunsa takan sa takalminta ta ce, "Maigida, tashi mu zaga unguwa." Yana tafe yana haki, tana tafe tana tsokanarsa.

Bayan wata guda ya hau sikelin kaya a gaban abokan aiki. Ɗari da goma sha shida.

Aka bushe da dariya.

"Kilo biyu!" in ji wani direba. "Ai ko takalminka ka cire ka rage wannan."

Agogo ya yi murmushin dole ya sauka. Ya lissafa a ransa: saura wata biyu, saura kilo goma sha bakwai. Ya ji kamar an riga an karɓe makullin daga aljihunsa.

Nan Mai Sikeli ya ja shi gefe ya nuna masa waya. Bidiyo ne na wata ƙwayar rage ƙiba daga ƙasar waje. Ga hoton mutum da tumbi, ga hotonsa kuma ya zama kamar saurayi. Kilo ashirin a sati shida, in ji su, ba motsa jiki, ba barin abinci.

A ranar Agogo ya yi oda.

Sati biyu bayan haka, maimakon kwali sai wata 'yar takarda ta iso. An riƙe kayansa a ofishin da ake duba saƙonnin da suka shigo daga waje, ana neman ya je da kansa.

Ɗaki ne mai tsawo, da fanka ɗaya tana juyawa a hankali. Bayan kanta akwai katakai cike da kwalaye da aka buɗe aka sake liƙe su da jan tef. Wata jami'a ta karɓi takardar, ta shiga ciki, ta fito da ƙaramin kwali ta ajiye a gabansa, hannunta a kai.

"Baba, kai ka yi odar wannan?"

"Ni ne. Ba ni abina, ina sauri."

"Ka yi haƙuri, ba zan iya ba ka ba. Wannan maganin ba shi da rajista da hukumar magunguna, doka ba ta yarda a shigo da shi ba. Duba kwalin da kanka. Babu sunan wanda ya yi shi, babu adireshi. Irinsa da yawa idan an kai ɗakin gwaji ana samun abubuwan da ba a rubuta a jiki ba. Kana shan wani magani?"

"Ina ruwanki da abin da nake sha?"

"Don in kana da hawan jini ko ciwon suga, irin wannan yana iya yi maka illa babba. Ka ɗauki hotonsa ka nuna wa likitanka, ka ji me zai ce."

Ita dai da ladabi take magana. Shi kuwa gogan naku sai ya buga kanta.

"Ke yarinya, na haife ki! Na san irinku. Ku riƙe kayan mutane, in an tashi daga aiki ku raba ku sayar. Aikina ne zai tafi, ke kina nan kina karanta min doka!"

Jami'ar ta ɗauke kwalin ta mayar ƙarƙashin kanta.

"Allah ya ba ka lafiya, Baba. Amma wannan ba zai fita daga nan ba."

Ya fita yana zage-zage har bakin titi.

Da ma a nan abin ya tsaya. Amma Agogo yana da ƙani da ke aiki a ƙasar waje, kuma a satin zai dawo hutu. Ya kira shi ya faɗa masa damuwarsa.

"Haba Yaya, wannan ce matsalar?" in ji ƙanin. "Zan sayo maka. In juye su a robar bitamin in jefar da kwalin, wa zai tsaya buɗe robar bitamin?"

Haka aka yi. Ƙanin yana ganin taimakon ɗan'uwa ya yi. Ya miƙa wa yayansa roba mai hoton lemu a jiki, cike da ƙwayoyi masu ruwan ganye. Takardar da ke cikin kwalin ma bai taho da ita ba.

Agogo ya ce wa matarsa bitamin ne, don ƙarin ƙarfi. Ya riƙa haɗiyar biyu kullum da safe, tare da maganin hawan jinin da likita ya ba shi.

Abin kuwa ya yi aiki, kada in yi muku ƙarya. A sati na farko sikelin kaya ya nuna ɗari da goma sha biyu. A na biyu, ɗari da takwas. Waɗanda suka yi masa dariya suka koma tafa masa. Mai Sikeli yana ta yawo a tasha yana cewa, "Ni na haɗa shi!"

Amma akwai abin da ba sa gani. Zuciyarsa tana bugawa kamar ya yi gudu, alhali yana zaune. Bakinsa kullum a bushe. Abin da ya fi damunsa kuma shi ne fitsari. Ba ya awa ɗaya bai ji ya matsu ba.

Ranar nan a hanya sai da ya tsaya sau uku. Mutumin da bai taɓa tsaya wa kowa ba, ga shi yana sauka da sauri yana zagawa bayan mota, fasinjoji suna leƙensa ta taga. Wata dattijuwa da ta saba bin motarsa ta ɗaga murya ta ce, "Au, ashe kai ma kana yi?"

Ya shigo tasha da lattin minti ashirin da biyar. Akawu ya rubuta, karo na farko a shekara ashirin da biyu.

"Agogo, batir ya yi sanyi ne?" wani ya tambaya.

Wannan maganar ta fi komai yi masa zafi. Mai hankali a nan zai ce, bari in bar ƙwayar nan. Shi kuwa sai ya yi lissafi irin na direba: abin da bai shiga tanki ba, ba zai fita ba. Ya yanke shawarar daina shan ruwa a ranakun aiki.

Ku ji fa. Awa tara a gaban gilashi, rana tana dukansa, injin yana hura masa zafi daga ƙasa, ƙwaya tana tatse ruwan jikinsa, shi kuma ko kurɓa ɗaya ba ya yi. Matarsa takan cika masa gorar ruwa kowace safiya. Don kada ta ga ta dawo a cike, sai ya juye ta a tankin wanke gilashi.

Da ciwon kai da ciwon baya suka dame shi, sai ya ƙara da maganin ciwon jikin nan da direbobi ke saye a shagon tasha. Biyu da safe, biyu da rana.

Latti ya ƙare. Sikeli ya ci gaba da sauka.

Matarsa ce kaɗai ba ta murna. Wata safiya tana rage masa ƙugun wandon aiki da allura, karo na biyu ke nan, ta ɗaga kai ta dube shi. Leɓɓansa sun tsattsage, idanunsa sun faɗa.

"Maigida, wannan ramar ba ta lafiya ba ce. Ka dubi fuskarka kuwa? Mu je wurin likitan nan yau, kada mu jira ranar."

"Da ina da ƙiba kin dame ni, yanzu na rame kin dame ni. Me kike so ne?"

"Kai nake so. Wane irin bitamin ne yake hana mutum cin abinci?"

"Ki gama min wandon, zan makara."

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ɗinki, hawaye yana ɗiga a kan yadin.

Saura kwana biyar ya koma wurin likita, sai fitsarin ya ragu da kansa. Sau ɗaya a yini, ɗan kaɗan, mai duhu. Kun san me Agogo ya yi? Murna ya yi. Ya ce wa Mai Sikeli, "Jikina ya saba da maganin." Innalillahi. Ƙodojinsa ne suke tsayawa, shi kuwa yana godiya.

Ranar gwaji ya sa sabuwar riga. Yana jin tashin zuciya, ƙafafunsa suna masa nauyi, amma ya shiga ofishin likita yana murmushi, ya hau sikeli tun ba a ce ya hau ba.

Casa'in da tara da rabi.

"Likita, ga shi nan. Ƙasa da ɗari. A sa min hannu."

Likitan bai yi murmushi ba. Ya dubi sikelin, ya dubi tsohuwar takardar, ya kama hannun Agogo ya ɗan ja fatar, ya danna ƙafarsa da yatsa.

"Sama da kilo goma sha takwas a wata uku? Me kake sha?"

"Bitamin ne kawai."

"Yaushe rabonka da fitsari?"

Agogo ya lissafa a ransa. "Jiya da safe, ina jin."

Likitan ya ajiye biro. Da motarsa ya kai shi babban asibiti, bai ma jira motar kamfani ba.

Sakamakon jini ya fito kafin la'asar. Likitocin ƙoda suka taru a kansa, tambayarsu ɗaya: me ya sha? Matarsa ta koma gida da gudu ta ɗauko robar. Suka juya ta gaba da baya. Hoton lemu ne, da rubutun bitamin. Suka zazzago ƙwayoyin a tafin hannu, babu suna, babu lamba.

Aka kira ƙanin, wanda ya riga ya koma bakin aikinsa. Ya fashe da kuka a waya. Bai san abin da ke ciki ba, kwalin kuma ya daɗe a shara. Aka nemi shafin masu sayarwar a wayar Mai Sikeli, an rufe shi.

A nan ne Agogo ya faɗi gaskiya, yana kwance da ƙarin ruwa a hannu. Ya faɗi maganar ofishin da aka riƙe masa kwalin, da robar, da ruwan da yake juyewa a tankin gilashi. Matarsa tana tsaye a gefen gado tana ji. Ta zauna a ƙasa kawai, ta rufe fuska da mayafi.

Washegari likitan kamfani ya zo duba shi. Agogo ya kama hannunsa.

"Likita, ni dai na cika sharaɗi. Na sauko ƙasa da ɗari. In na warke za ka sa min hannu ko?"

"Wane ɗari?"

"Ai an ce sai ƙasa da ɗari kake sa hannu."

"Wa ya ce? Ni na faɗa maka haka?" Likitan ya ja kujera ya zauna, muryarsa ta yi ƙasa. "Malam, ni jininka nake son in ga ya sauka. Da ka zo min da ɗari da goma sha uku, kana shan maganinka, kana tafiyarka, wallahi da na sa maka hannun shekara. Kilo biyun da ka rage a watan farko, daidai kake tafiya."

Agogo ya saki hannunsa, ya juya fuska bango. Babban mutum mai furfura ya yi kuka har gadon yana girgiza.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Sun ce wani lokaci ƙoda takan farfaɗo, a jira sati shida. Aka jira. Aka ƙara wata biyu. Ba ta farfaɗo ba. Sun ce dama hawan jinin ya daɗe yana cin ta a ɓoye, ƙwayar da rashin ruwan da maganin ciwon jikin suka taru suka ƙarasa ta.

Yanzu sau uku a sati ake yi masa wankin ƙoda, awa huɗu yana kwance kusa da inji. Ruwan da zai sha a yini an auna masa, bai kai kofi uku ba. Yakan riƙe ƙanƙara a baki don ya yaudari ƙishirwa. In ya roƙi matarsa ta ƙara masa kurɓa ɗaya, sai ta fita daga ɗakin, don ba za ta iya ba shi ba, ba za ta kuma iya kallonsa ba.

Kamfani ya sallame shi da takardar yabo. Babban ɗansa ya bar karatu ya kama aiki a wani shago. Ƙanin ya daina kira, kunya ta hana shi. Mai Sikeli yana nan a tasha, yana auna jakunkuna, yana ba mutane shawara.

Ranakun asibiti, ƙaramar motar haya suke shiga shi da matarsa. Yakan zauna a gaba, kusa da direba, don ƙafafunsa.

Ranar nan wata babbar mota ta tsaya musu a gaba ba zato. Kafin direban ya motsa, ƙafar Agogo ta riga ta danna ƙasan motar da ƙarfi, hannayensa biyu sun miƙe suna neman sitiyarin da babu shi.

Direban ya taka birki, ya dube shi yana dariya.

"Baba, kwantar da hankalinka. Ka bar mana tuƙi, mu muka san hanya."

Agogo ya mayar da hannayensa kan cinya a hankali. Matarsa daga baya ta buɗe baki za ta faɗa wa direban ko wane ne ke zaune kusa da shi, sai ya girgiza mata kai.

"Gaskiyarka, ɗana," ya ce. "Ka ajiye mu a ƙofar asibiti."

Darasi: Maganin da hukuma ta hana shigowa da shi, ba don ƙiyayya ta hana ba. Ƙwayar da ba ka san wanda ya yi ta ba, ba ka san abin da ke cikinta ba, kada ka haɗiye ta ko da ɗan'uwanka ne ya kawo maka. In likita ya yi maka magana ba ka gane ba, koma ka tambaye shi, kada ka tambayi 'yan bakin tasha. Ƙiba a hankali ta zo, a hankali kuma take tafiya, ka yi haƙuri da jikinka. Don Allah ku tura wannan ga 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka ga yana ramewa da sauri ana yi masa tafi. Ku tambaye shi me yake sha tun yau.